Tsohon Singer 306K da faifan adonsa: yadda wata mai ɗinki a Maradi ta shawo kansu cikin mako takwas

Asalin lamarin

Matar tana ɗinki ne a gida, a unguwar Zariya cikin Maradi. Aikinta kayan yara ne, sai zannuwan gado da rigunan matashin kai na kayan ɗakin amare. Kekenta na kullum baƙin keke ne na taka, mai miƙaƙƙen ɗinki kaɗai, don haka duk rigar da ke son ado a wuya ko a bakin hannu sai ta aika da ita shagon masu aiki a kasuwa. Kuɗin aikin yana cin riba, kuma da azumi ya kama layi yakan yi tsawo, kaya su yi kwana da kwanaki ba su dawo ba.

A farkon Rajab kawunta, tsohon tela da ido ya hana shi aiki, ya ba ta wani kan keke da ya daɗe a lulluɓe a ɗakinsa. Singer 306K ne. Tare da shi akwai gwangwani mai faifai tara, da ƙafafun danne yadi uku, da farantin allura biyu, da ƙoshiya biyu, wato gidan da ƙwarƙwaron zaren ƙasa ke zama a ciki. Harafin K yana nuna masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980, kuma wannan samfurin na tsakiyar shekarun 1950 ne. Kan ya hau teburin taka kamar an yi shi dominsa, abin da ya yi mata daɗi a garin da wuta ke tafiya ba sallama.

Faifan baƙaƙe ne, shimfiɗaɗɗu, kowanne da lambarsa, kuma gefen kowanne yana da tudu da kwari. Ana ɗora ɗaya a kan wani ɗan ƙarfe a gaban keken, a ɗaure da noti mai kaushi da ake murzawa da yatsu. Idan keken na tafiya faifan yana juyawa a hankali, wani yatsan ƙarfe yana bin gefensa. Tudu ya tura allura gefe ɗaya, kwari ya bari sifirin ya dawo da ita. Aikin faifan ke nan duka: kai allura dama ko hagu. Jan yadi na haƙoran keke ne, faɗin ado na hannun faɗi ne mai lamba 0 zuwa 5, akwai kuma wani hannu da ke ajiye allura a hagu, tsakiya ko dama. Wasu kekunan zamanin sun wuce haka, kamar Elna Supermatic ta Suwizalan da ta fito a 1952, mai faifai biyu a haɗe da ke iya mayar da yadi baya. Wannan kuwa gaba kaɗai yake ɗinka ado. Faifan Singer 401 masu kama da malafa ma ba sa shiga cikinsa.

Burinta shi ne ta iya aikin kafin ɗinkin salla ya kankama, wato wata biyu.

Mako na farko: allura uku, da ado maras siffa

Ranar farko ta sa faifai mai lamba 5, mai kan mashi, ta kai hannun faɗi 5, ta taka. Allura ta karye a suka ta biyu. Ta sa wata, ita ma ta karye. Sai a ta uku ta duba farantin da ke ƙarƙashin ƙafa, ta ga mai ɗan zagayayyen rami ne na miƙaƙƙen ɗinki. Allurar da ke lilo ba ta da inda za ta shiga. Ɗayan farantin, mai dogon rami a kwance, shi ne na zigizag, kuma ƙafar ma dole ta zama mai faɗin baki.

Da ta canza su allura ta daina karyewa, amma abin da ya fito bai yi kama da kan mashi ba. Gefe ɗaya yana da tsini, ɗayan a dagule, wani wuri ma allurar takan yi suka uku a waje guda kafin ta koma. Ta canza faifai huɗu, duk haka. Ta fara zaton zafi ne ya lanƙwasa su. Ta kife su a kan madubi ɗaya bayan ɗaya, duk suka kwanta lif, babu mai rawa.

Gwajin da ya tona asirin ba ya buƙatar zare. A ɗaga allura sama, a kai hannun faɗi 5, a tura sandar allura gefe da yatsa, a saki. Lafiyayyar sanda takan dawo tsaf nan take. Tata sai ta riƙa dawowa a hankali kamar an tsoma ta cikin zuma. Tsohon mai ne ya daskare a gaɓoɓin da ke tsakanin yatsan ƙarfe da sandar allura, ya haɗu da ƙurar hunturu na shekaru ya zama kamar ƙaro. Tudun faifai yana da ƙarfin tura allura ko da gaɓa ta cije, amma dawowa aikin sifirin ne, shi kuwa ba shi da wannan ƙarfin.

Ta buɗe murfin fuska da na baya, ta ɗiga kananzir ɗigo biyu biyu a kowace gaɓa mai motsi, ta ajiye kan a rana na awa ɗaya, tana murza wili da hannu tana kai hannun faɗi daga 0 zuwa 5 tana dawowa. Ta goge baƙin ruwan da ya fito da tsumma. Kwana uku tana maimaitawa, sannan ta bi da farin man keke, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Abu biyu ta kiyaye. A cikin jikin wannan keken akwai bel mai haƙoran ƙarfe da ke haɗa sandar sama da ta ƙasa, ba a jiƙa shi da kananzir ko mai. Faifan kuma ruwa da sabulu kawai ta wanke su, ta shanya a inuwa. Man gyaɗa, da ke kowane gida a Maradi, ba ya shiga keke ko kaɗan, domin yana daskarewa a ciki.

Mako na biyu: ƙara daga ƙasa

Yanzu allura tana kaiwa iyakar lilonta, sai wata matsala ta fito wadda daskarewar ta ɓoye. A faɗi 4 da 5 ana jin ƙas ƙas daga ƙasa. Zare yana tsinkewa bayan kowane taƙi, kan allura yana dakushewa cikin rabin yini. Cikin kwana huɗu allura huɗu suka tafi. Da ta kwantar da kan keken baya, wanda ta haka ake kaiwa ga ƙwarƙwaro a wannan samfurin, ta ciro ƙoshiya ta ga tabon sara a bakin ramin da allura ke wucewa, ƙananan ƙuraje masu kaifi da farce ke kamawa.

Ta kira wani mai gyara. Ya saurari ƙarar, ya ce ƙugiyar ƙasa, wadda ke kamo zare daga allura, ita ce ta goce daga lokacinta. Ya kwance kusoshinta, ya juya ta kaɗan, ya ɗaure. Ƙarar ta ragu, miƙaƙƙen ɗinki kuma ya fita tsaf, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bai gwada faifai ko ɗaya ba.

Mako na uku da na huɗu: tsallake, da gano allurar

Bayan gyaran, zigizag ya fara tsallake a gefe ɗaya. A faɗi 2 babu laifi, a 3 jefi-jefi, a 5 kusan duk sukar wannan gefen ba ta kama zaren ƙasa. Ta ƙara matsin zare, ta rage, ta canza zare, ta sake naɗin ƙwarƙwaro, ta sa allura lamba 16 a madadin 14. Babu abin da ya canza, sai ma ƙarar da ta dawo da babbar allurar. Mako guda cur ya tafi a nan.

Dalilin yana cikin yadda ƙugiya ke aiki. Tana zagayawa ne ta ɗauki lauyen zare daga bayan allura a daidai lokacin da allurar ta fara tasowa. Idan allura tana hagu ƙugiya takan riske ta a wani lokaci, idan tana dama a wani lokacin dabam, kuma saitin masana'anta tsaka-tsaki ne da ke wadatar da duka biyun. Da an goce da shi, gefe ɗaya zai samu, ɗayan ya rasa.

Kawun ne ya tura ta wajen wani dattijon mai gyara da ya san kekunan da. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya ciro allurar ya juya ta a hasken ƙofa.

"Ɗiyata, wannan allurar a ina kika samo ta?"

"A kasuwa, Baba. Irin wadda nake sa wa baƙin kekena ce."

Ya zaro wata tsohuwar takardar allura daga ƙasan gwangwanin faifan, wadda ta ɗauka shara ce. Guda ɗaya ta rage a ciki, a jikin takardar an rubuta 206x13. Ya jera su biyu a tafin hannunsa, gindi da gindi. Kaurinsu ɗaya, idanunsu sun yi daidai, amma daga ido zuwa tsini ta kasuwa ta fi tsawo da ɗan kaɗan. Allurar gida da kowa ya sani, wadda ake rubuta wa 15x1 ko HAx1 ko 130/705H, tana shiga wannan keken ta zauna daram, har ta yi miƙaƙƙen ɗinki, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Samfurin 206 da 306 da 319 kuwa an ƙera su ne don mai gajeren tsini. Wannan ɗan ƙarin tsawon shi ke saran ƙoshiya idan allura ta yi lilo mai faɗi.

Ya yi abu uku. Da farko ya mayar da ƙugiya mazauninta: hannun faɗi a 0, allura a tsakiya, a murza wili har allura ta kai ƙarshen saukarta, a ci gaba har ta taso kimanin milimita 2 zuwa 2 da rabi, a nan ne tsinin ƙugiya zai kasance a tsakiyar allura, sama da idonta kaɗan. Na biyu, ya ɗauki ƙoshiyar da ta riga ta sha sara, ya faɗaɗa bakin ramin da siririn magagari a daidai inda tabon yake, ya goge da takardar yashi mai laushi har zare ya wuce ba ya kamawa. Bayan kowane ɗan gogi sai ya mayar da ita, ya sa allurar kasuwa, ya murza wili da hannu a faɗi 5 yana saurare. Na uku, ya hana a taɓa ɗaya ƙoshiyar, ya ce a ajiye ta don allurarta ta asali. Ta aika wa wani ɗan uwanta da ke Faransa hoton takardar don ya nemo mata irin allurar. Lamba 12 da 14 su ne aka fi samu a wannan nau'in.

Mako na biyar: keke ya warke, saura hannu

Da faifai mai lamba 1, zigizag zalla, ɗinki ya fita daidai a kowane faɗi. Da ta koma mai lamba 13, mai siffar lu'ulu'u, sai ya fito a warwatse kamar haƙoran zarto. Lambobin hannun tsawon ɗinki ne suka ruɗe ta. A wannan kan, lambar tana nufin yawan suka a inci ɗaya, wato santimita 2.54, don haka 6 shi ne mafi tsawo, 12 kusan milimita 2 ne, kuma lamba na girma ɗinki na gajarta. Ita kuwa ta kai shi 6 tana neman ƙarami.

Zagayen faifai ɗaya yana da adadin suka da ba ya canzawa. Tsawon ɗinki ne ke miƙa furen, wato siffar adon da faifan ke maimaitawa, ko ya tattara shi: furen da ya kusa santimita 1 idan tsawon ɗinki rabin milimita ne zai kusa santimita 2 a milimita ɗaya, da fili tsakanin zarurruka. Cikakken ado yana son zare ya kwanta jikin zare, babu fili kuma babu hawa.

Da ta gane haka sai ta zarce. Ta kai hannun dab da inda yadi ke tsayawa, zare ya taru ya yi tudu a ƙarƙashin ƙafa, yadi ya ƙi gaba, allura ta riƙa suka a waje ɗaya har ƙulli ya cika ramin faranti. Gyaran kashi biyu ne. A cikin ƙafafu ukun akwai mai kwari a ƙasanta, wanda aka yi don tudun ado ya wuce ta ciki, ita kuwa tana amfani da mai shafaffen ƙasa. Sannan ba a tsalle zuwa gajeren ɗinki. Ana farawa daga wajen 20, keke na tafiya a kan ƙyalle, ana matsa hannun kaɗan kaɗan har filin ya rufe, a tsaya nan.

Matsin zaren sama ta sauke daga 4 zuwa tsakanin 2 da 3, yadda zaren sama zai ɗan leƙa ta bayan yadi a gefe biyu, na ƙasa kuma kada ya fito a fuska. Sama zaren siliki na aiki, ƙasa siririn zare fari.

A kan atamfa da farin yadin zanin gado sai ado ya riƙa tsuke yadin, ya tashi kamar kunyar gero. Faɗin milimita biyar na zare yana jan gefe biyu su haɗu, yadi mai laushi ba ya iya turjewa. Ta shimfiɗa takardar littafin 'yan lekol a ƙasa, ta ɗinka tare, ta yage bayan an gama. Ta gwada jarida sau ɗaya, tawada ta ɓata farin yadi. Ga wuyan riga, yadin gam da ake mannawa da dutsen guga ya fi takarda, domin yana zama a ciki ya riƙe adon bayan wanki.

Taka ma sai da ta sake koyo. Ado yana son tafiya a hankali ba tsayawa, kuma a keke mai ƙugiyar zagaye, idan wili ya koma baya ko da rabin juyi ne, zare yakan sarƙe a ƙasa. Ta saba da tayar da wili da hannun dama zuwa wajenta kafin ƙafa ta karɓa, ta riƙe wutsiyar zare biyu a suka ukun farko.

Mako na shida: ƙyallen gwaji da farkon fure

Ta yanka farin yadi rabin mita, ta ninka biyu, ta ja layuka da biro. Kowane faifai ya samu layi uku, faɗi 2 da 3 da 5, kuma a gefen kowane layi ta rubuta lambar faifai da tsawon ɗinki da matsin zare. Abu ɗaya take canzawa a kowane layi. Layi 27 suka fito, kuma shi ne ƙyallen da masu kawo ɗinki ke zaɓa a kai yanzu.

Canjin faifai ya zama da tsari: allura a sama, a ɗaga yatsan ƙarfe daga gefen faifan, a kwance noti, a zare, a sa sabo har ɗan fil ɗin ya faɗa raminsa, a ɗaure noti sosai, a sauke yatsan, a murza wili da hannu zagayen faifai ɗaya kafin a taka. Sau ɗaya ta bar notin sako-sako, furanni suka fito wani babba wani ƙarami.

Faifai ba ya komawa farkon fure da kansa. Inda ya tsaya nan zai tashi, shi ya sa gefen wuya na dama ke farawa da cikakken kan mashi, na hagu da rabi. Ta ɗinka a ƙyalle har allura ta kai tsinin fure, ta ɗiga farin fenti a fuskar faifan daidai inda yatsan yake. Kafin kowane layi sai ta cire zare daga allura, ta murza wili har ɗigon ya zo ƙarƙashin yatsan. A kusurwa kuma takan bari fure ya ƙare, allura na cikin yadi, ta ɗaga ƙafa ta juya. Idan layin ba zai ƙare da cikakken fure ba, tun saura furanni huɗu ko biyar take ɗan taɓa tsawon ɗinki don ragowar ta rabu a tsakaninsu.

Mako na bakwai da na takwas: aikin mutane

Aikin farko rigunan matashin kai shida ne da faifai mai lamba 8 a baki, aka yanke yadin da ya wuce adon da ƙaramin almakashi. Sun fita lafiya. Na biyu rigar yaro ce ta shadda, inda layi ɗaya ya karkace ta farke shi. Ramukan allura suka zauna a shaddar, ruwa da guga ba su rufe su ba, sai da ta bi wurin da layi mai faɗi 5 ta lulluɓe. Daga nan ta riƙa zana layi da alli, tana kallon gefen ƙafa a kan layin maimakon allurar da ke lilo. Yadin hijabi mai talewa kuwa ya ƙi: tsallake da tattarewa, ko da takarda a ƙasa. Ta mayar da shi ga mai shi ba ado.

Alluran 206x13 sun iso a ƙarshen Sha'aban. Da su da ƙoshiyar da ba a taɓa ba, ƙarar ta ɓace gaba ɗaya, kuma zaren siliki ya daina tsinkewa a dogon layi. Cikin azumi adon kayan yara da na gado duk a gida aka yi shi. Manyan riguna masu zanen aiki har yanzu shago suke zuwa.

Hukunci

Cikin matsaloli bakwai ko takwas da aka bi, babu ɗaya da ta fito daga faifan, alhali su aka fara zargi. Kuskure mafi tsada shi ne juya ƙugiya. Ya ci mako biyu cikin takwas, kuma an yi shi ne ba tare da an tambayi wace allura keken ke ci ba. Mai gyaran da ya gwada keken zigizag da miƙaƙƙen ɗinki kaɗai bai gwada shi ba, kuma mai keke tana da haƙƙin ta ce a sa faifai a kai faɗi 5 a gabanta kafin ta biya.

Faɗaɗa ƙoshiya ya yi amfani a nan saboda akwai biyu, ɗaya kuma ta riga ta lalace. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, kuma ƙoshiyar wannan samfurin ba a tsintarta a teburin masu kayan keke. Wanda ke da guda ɗaya ya fi masa ya jira allurar.

Keken ba zai maye gurbin na masu aiki ba. Faɗinsa milimita biyar ne, furensa gaba kaɗai yake tafiya, kuma ba shi da saurin da zai ɗauki babbar riga. Inda ya fi ƙarfi shi ne bakin hannu, da wuyan yara, da gefen zanin gado, da layi biyu ko uku a jere da zare kala dabam dabam. A watannin hunturu yana son a goge gefen faifai da kan yatsan ƙarfe kowace safiya, a lulluɓe kan da zane idan an tashi, kuma duk ranar da sandar allura ta fara jinkirin dawowa a ɗiga mata mai tun kafin fure ya nuna.